Yaƙin Ƙwararre da Kamfanin Wuta

Akwai mutanen da in ka ce musu sannu sai su amsa, akwai kuma waɗanda in ka ce musu sannu sai su gyara maka yadda ake faɗinta. Ƙwararre na cikin kashi na biyu. Ba wanda ya raɗa masa wannan suna, shi ya raɗa wa kansa, mutanen layi kuwa suka karɓa hannu bibbiyu don sun samu abin dariya a banza. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka mutu bayan wani haɗin abinci da ya ƙirƙiro. Ya taɓa tuƙin haya, motar tana nan har yau a bakin gareji, awaki na kwana a ƙarƙashinta. In ka tambaye shi, ko ɗaya ba laifinsa ba ne: kajin ne ba su da ƙwari, motar kuma baki aka yi mata.

Yayarsa ce ke ɗauke da shi tun rasuwar iyayensu, mace mai neman na kanta, wadda ba ta taɓa kiransa Ƙwararre ba ko da suɓul da baka. Auta take ce masa. Da taransifomar layinsu ta ƙone, mutane suka daɗe cikin duhu da zafi, sai Yaya ta hango kasuwa. Ta kama shago, ta zuba firiza uku, ta sayo wani ƙaton janareta mai shan dizal, ta ce za a riƙa sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Ranar da za ta ba shi makulli, sai da ta riƙe ɗaya gefen zoben tana kallonsa ido cikin ido.

"Auta, buɗe kunnenka. Wannan shi ne na ƙarshe. Ba na son dabara, ba na son hikima. Ka ta da inji, ka sayar da ƙanƙara, in kamfani ya dawo da wuta ka biya kuɗinsu. Ranar da aka yanke wa shagon nan wuta, ranar zan karɓi makullina."

"Haba Yaya, ni fa? Ai ki sa a ranki kin ɗauki manaja."

"Ni dai mai gadin firiza na ɗauka," in ji ta, sannan ta saki zoben.

Washegari ta turo mai gyaran wuta ya haɗa akwatin canji, wato abin da ke raba wutar kamfani da ta inji don kada su gamu. Mutumin bai gama buɗe jakar kayan aikinsa ba Ƙwararre ya soma koya masa yadda ake riƙe filaya. Ya gyara masa tsayuwa, ya gyara masa fiƙe waya, ya kuma ba shi tarihin lantarki tun daga tsawa. Kafin azahar mai gyara ya tattara komatsansa ya ce Allah ya ba da sa'a. Ƙwararre ya naɗe hannun riga ya ƙarasa aikin da kansa. Da ya gama sai wata waya mai kauri ta yi saura, tana reto ba ta da gida. Ya duba nan, ya duba can, ya hangi wani rami a ƙarƙashin mita.

"Wanda ya ƙera mita bai yi mata rami don ado ba," ya ce, ya cusa wayar ya ɗaure tam.

Ya ta da inji. Firiza uku suka ɗauki gurnani, ƙwan shago ya kama. A daidai wannan lokaci sai layi ya kaure da ihu daga wannan baki har wancan: "An kawo wuta! An kawo wuta!" Mai Aski da ke tsallaken titi ya fito yana rawa da kilifa a hannu. Tela ya bar taka keke da ƙafa ya jona na lantarki. Mai Walda ya jawo injinsa da ya yi ƙura yana hura masa iska da baki.

Ƙwararre ya yi dariya ya ce, "Ka ji 'yan wuta! Sai da suka ji na ta da inji sannan kunya ta kama su." Tunda ga wutar kamfani, me zai sa a ƙona dizal? Ya je ya kashe injin.

Ɗif! Layi ya mutu gaba ɗaya.

"Sun ɗauke!" in ji layi baki ɗaya.

Ya yi tsaki ya sake ta da inji. "An kawo!" Ya leƙa ya ga fankar Mai Aski na juyawa, ya kashe. "Sun ɗauke!" Haka suka yi ta yi har Tela ya ɗinka hannun riga a wuyan wando. Da Ƙwararre ya gaji, sai ya zauna a kan jarkar dizal ya yi tunani mai zurfi, irin tunanin da ya kashe kaji. Ya miƙe ya tsaya a tsakiyar titi.

"Jama'a, na gano su. Kamfanin nan da ni yake yi. Wutar suna da ita, ni ne ba sa so in sha. In na ta da inji sai su saki tasu, tunda sun san ba na buƙata. Da na kashe sai su ɗauke don ƙeta."

Mai Aski ya ce, "To in haka ne, don Allah kada ka ƙara kashewa. Kai ka yi ta faɗanka da su, mu mu yi ta aski."

"Ba don ku ba, don in nuna musu ni ba na roƙo," in ji Ƙwararre. "Ko ɗigon wutarsu ba zan sha ba."

Daga ranar layi ya shiga daula. Wuta na zuwa da safe daidai lokacin buɗe shagon ƙanƙara, ta tafi daidai lokacin rufe shi. Ranar da Ƙwararre ya makara, kamfani ma ya makara. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, kamfani ma bai fito ba, mutane suka je gaishe shi da ƙwazon da ba su taɓa nuna wa wani majinyaci ba. Kowa ya yarda gaba ce tsakaninsa da kamfani, kuma ba mai fatan a shirya. Mai karanta mita ya dawo zagaye, aka riƙa kawo wa kowa takardar kuɗin wuta, suna biya da fara'a. Tela har hula ya ɗinka ya aika wa shugaban ofishin kamfani tukuicin gyaruwar aiki.

Shi kuwa janareta yana shan dizal kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Duk cinikin ƙanƙara a cikinsa yake ƙarewa. In Mai Walda ya ɗosana ƙarfe, sai injin ya yi wani nishi ya girgiza har kwanon rufi ya amsa. Ƙwararre ya shafa bayansa ya ce wa masu sayen ruwa, "Kun ji? Gyaran murya yake yi. Inji mai ƙarfi dole ya ci da yawa, ba irin na wasu ba da ke lasar mai kamar kyanwa."

Rannan aka kawo tasa takardar. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Lambobin sun cika akwatin da aka tanada musu har sifili na ƙarshe ya leƙo waje. A ƙasa an buga da jan tawada cewa in bai biya ba zuwa ranar Laraba za a zo a yanke. Nan take muryar Yaya ta dawo masa a kunne, don a ƙarƙashin duk cika-bakin nan yana tsoron ranar da za ta miƙo hannu ta karɓi makullinta. Ya ninke takardar ya tura cikin hula, ya nufi ofishin kamfani.

Ya tarar da ofishin ma da janareta yake aiki. Mai teburin koke-koke na zaune yana fifita da fayil ɗin wani.

"Ranka ya daɗe, an kawo mini kuɗin wutar da ban sha ba."

"Mitarka ta juya?"

"Juyawa kuma? Ai har iska take bayarwa."

"To ka sha."

"Da injina nake aiki tun safe har rufe shago!"

"Injinka muka rubuta ko mitarka?"

"Mitar. Amma ƙarya take yi."

Mutumin ya ajiye fayil ya dube shi da tausayi. "Malam, mita ba ta da dangi, ba ta da abokin gaba, kuma ba ta juyawa don motsa jiki. Mu nan da ka gan mu inji muke amfani da shi, kuma kowane wata ana kawo mana tamu takardar. Ka ji mun yi ƙorafi?"

"To kuskure ne, a gyara."

"Kuskure wancan tebur ake kai shi."

"Ba kowa a teburin."

"Ya tafi hutu. In ya dawo ma sai ka biya zai saurare ka. In aka tabbatar kuskure ne, sai a ajiye maka shi, a riƙa cire maka daga kuskuren gaba."

Ƙwararre ya buga tebur. "Na san kun sa mini ido! Kuna da ɗan leƙen asiri a layinmu mai gaya muku duk sanda na kashe inji!"

"Mu da ba mu san inda rabin ma'aikatanmu suke ba, kai za mu sa wa ido? Na bayansa, matso."

Ya fito yana huci, amma da shiri a kai. In ya kama ɗan leƙen asirin nan ya tsayar da shi a gaban jama'a, kamfani zai ji kunya ya yaga takarda, Yaya kuma ba za ta taɓa ji ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi a ganinsa tsagar tana shagon Mai Aski, wanda madubinsa ke kallon janareta kai tsaye.

Ya samo tamfol mai kauri ya lulluɓe injin ruf, shi ma ya shiga ciki don ya kashe ba tare da madubi ya gani ba. Kafin ya lalubo makunni a cikin duhu, zafi da hayaƙi sun cika tamfol. Injin ya soma tari, wutar layi ta riƙa lumshewa tana buɗewa, can ya shaƙe ya mutu don kansa. Ƙwararre ya rarrafo waje baƙi ƙirin, idanu kaɗai ke haske. A tsallake Mai Aski na tsaye da mataccen kilifa, a gabansa wani direba da rabin kai a aske, rabi kuma daji.

"Ka gani ko? Ka gaya musu!" in ji Ƙwararre yana nuna shi da yatsa.

"Ni na gaya musu su ɗauke wuta ina tsakiyar kan mutum? Ka dubi wannan bawan Allah, da lodi a tasha yana jiransa!"

Direban ya ce, "Ni ba ruwana da siyasarku. Ko dai a ƙarasa wannan gefen, ko a mayar mini da wancan."

Ƙwararre ya wanke Mai Aski daga zargi, ya koma kan wata fahimta: ɗan leƙen asirin ba da ido yake aiki ba, da kunne ne. In ƙarar inji ta tsaya, ya kai rahoto. Saboda haka ya ɗauki ƙarar injin a waya, ya aro lasifika babba daga masu haya, ya jona ta a soket ɗin shago. Ya ƙure murya har gilashin Tela na rawa, ya lallaɓa ya kashe injin gaske. Lasifika ta mutu tare da shi, layi ya mutu tare da su.

"Sun ɗauke!"

"Shegu, har lasifikar sun gane," in ji Ƙwararre.

Bai karaya ba. Washegari ya nemo mazurarin dizal, ya kafa a baki, ya tsuguna a bayan inji. Ya kashe, nan take ya karɓi aikin da maƙogwaronsa: gurrr, gurrr, gurrr, har da ɗan tarin da injin ke yi in Mai Walda ya taɓa ƙarfe. Don kada a rasa hayaƙi, ya cinna wa tsummokara wuta a cikin bokiti. Wutar layi dai ba ta dawo ba, amma jama'a sun zo. Suka kewaye shi suna kallon babban mutum da gemunsa yana gurnani cikin mazurari, jijiyoyin wuya sun tashi, hayaƙin tsumma na shiga masa ido.

Mai Walda ya ce, "Ƙwararre, a ƙara maka dizal ne ko ruwa?"

Tela ya ce, "Ku bar shi, wannan ya fi wancan tattalin mai."

Ya yi musu alama da hannu su yi shiru kada su tona shiri. Yana cikin haka iska ta kwashi tartsatsi daga bokiti ta kai kan tamfol ɗin jiya. Tamfol ya kama. Aka rasa ruwa kusa sai na shago, aka yi ta fasa ƙullin ruwan sanyi ana jifan wuta da ƙanƙarar Yaya har ta mutu. Firiza ɗaya ta tashi fayau, sauran biyun kuma, da yake an daɗe ba inji, suka soma zubar da hawaye ta ƙasa har bakin titi.

Ko a nan bai saduda ba. Ya ce tunda an kasa kama mai kai rahoto, to a hana mitar gudu. Ya ɗaura mata ƙanƙara a ka, wai sanyi na sa komai ya lafa. Mitar ta ci gaba da juyawa, sai dai yanzu tana juyawa a jiƙe.

Ranar Talata da yamma ya zagaya shago shago da sabuwar murya, don mazurari ya disashe masa tsohuwar. Ya ce gobe kowa ya fito, za a yi shari'a a bainar jama'a. Masu yanke wuta za su zo da ƙafarsu, a gabansu zai kashe inji, kamfaninsu ya ɗauke wuta kamar yadda ya saba, gani ya kori ji. Ya yi hayar kujeru, ya sa babbar rigarsa, ya rataya takardar kuɗin wutar a ƙusa a ƙofar shago don kowa ya ga zalunci. Abin da bai lissafa ba shi ne labarin mazurari ya riga ya zaga gari. Da safiyar Laraba, a kujerar gaba, Yaya ce zaune da jakarta a cinya.

"Yaya! Ai da kin bari na zo na same ki."

"Ci gaba da abin da kake yi, Auta. Kallo na zo."

Can sai ga motar kamfani da tsani a bayanta. Shugaban masu yanka ya sauko, wani dattijo mai tumbi da takarda a hannu, abokin aikinsa ya jingina tsani a falwaya ya soma hawa. Ƙwararre ya tare dattijon da jawabi. Ya faro daga ranar da ya haɗa akwatin canji da hannunsa ba tare da taimakon kowa ba, ya bi ta kan hassadar manyan kamfanoni ga masu basira, ya sauka a kan hujja.

"Yanzu ga shi kun saki wutarku a layin nan, kowa na sha, ni kaɗai ke kan inji. Da na kashe..."

"Dakata," in ji dattijon. "Wutar wa?"

"Taku mana."

"A wannan layin? Malam, layin nan ba shi da wuta. Tun da taransifomarku ta ƙone, ni da hannuna na ɗora ta a mota. Tana can bayan ofis, kaji na ƙwai a kanta."

Mutane suka juya suka dubi ƙarshen layi, inda taransifoma take a da, bayan tulin tsofaffin tayoyi. Ba wanda ya taɓa leƙa wurin tun da wuta ta dawo, don mai ƙoshi ba ya binciken tukunya. Dakalin na nan wayam, wata mata ma ta shanya wanki a kai.

Mai Aski ya nuna shagonsa da hannu. "To wannan fankar, uban wa ke juya ta?"

Dattijon ya dubi fanka, ya dubi ƙwan da ke ci a shagon Tela, fuskarsa ta canza. Ya ɗaga kai ya ƙwala wa na kan tsani kira: "Kai! Kada ka taɓa wayar nan!" Mutumin, wanda ya hau da sakin jiki don ya san mataccen layi ne, ya ɗosana abin gwaji ya ga ya yi ja. Bai sauko ta matakala ba, ta gefen tsanin ya zamo, ya zauna a ƙasa yana salati.

Ƙwararre ya ga hankalin 'yan kamfani ya tashi, sai ya ɗauka nasara ce ta zo. "Kun gani? Asiri ya tonu! Yanzu ku kalli ikon Allah." Ya taka da isa ya kashe inji. Fanka ta tsaya, ƙwai ya mutu, rediyon wani ya yanke a tsakiyar magana.

"Sake tayarwa," in ji dattijon a hankali.

Ya tayar, komai ya dawo.

"Kashe."

Ya kashe, komai ya mutu. A karo na uku hannunsa ya soma nauyi, don ko shi ya fara jin wani abu na taɓa masa ƙeya. Dattijon ya shiga shago, jama'a na biye, ya bi waya daga inji har ya iso kan mai kaurin nan da ke cushe a ƙarƙashin mita.

"Wa ya sa wannan a nan?"

"Ya gaya maka ai," in ji Yaya daga baya. "Da hannunsa, ba taimakon kowa."

Dattijon ya share gumi. "Malam, wutar injinka ce ke bi ta cikin mitarka ta hau falwaya ta shiga kowane shago a layin nan. Mita kuwa ba ta san shiga da fita ba, abin da ya wuce ta cikinta shi take rubutawa. Kai ne ke kawo wuta, kai ne ke ɗaukewa. Ka gode Allah taransifomar ba ta nan, da tuni mun zo ta'aziyya."

Tela ya dafe kai. "Wato hular da na ɗinka..."

Mai Walda ya ce, "Ashe gyaran muryar nan ni ne."

Mai Aski ya matso gaban dattijon. "To mu kuɗin da muka yi ta biyan ku fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?"

"Mitocinku sun juya?"

"Sun juya, amma..."

"To kun sha."

Ƙwararre ya farfaɗo, ya cafke wannan dama. "Madalla! Tunda ka faɗa da bakinka ba wutarku ba ce, sai a yaga tawa takardar."

"Taka ma ta juya. Ni yanka aka aiko ni, ba yaga ba. Kuma ka saurari wata takardar, ta raba wa jama'a wuta ba da izini ba."

"To me za ku yanke, tunda kun ce layin ba wuta?"

"Takarda ta ce a yanke," in ji dattijon. "Ba ta ce sai da wuta ba."

Ya sa aka bar injin a kashe, na kan tsani ya sake hawa yana karanto duk addu'ar da ya sani, ya datse wayar shagon. Aka ta da inji. A karon farko tun da aka sayo shi ya yi wani lallausan sauti, ba tari ba nishi, firiza suka ɗauka. Sauran layi kuwa ko ƙyaftawa. Nan fa jama'a suka yi caa, rabi na bin motar kamfani da zagi, rabi na roƙon Ƙwararre ya mayar da wayar, Mai Aski na cewa shi wallahi zai riƙa kawo galan ɗin dizal duk mako.

Yaya kuwa ta miƙe, ta ratsa ruwan da ya kwanta a ƙofar shago, ta miƙa hannu.

Ƙwararre ya dubi tafin hannun nan. Shi ne hannun da ya biya kuɗin kaji, ya biya na mota, bai taɓa zuwa gare shi wayam ba sai yau. Kunya ta gaske ta kama shi, irin wadda bai saba da ita ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya laluba aljihu ya ciro makulli. Amma hali zanen dutse, kafin ya saki sai da bakinsa ya motsa.

"Yaya, ki dai duba. Wata da watanni ni kaɗai na riƙe layi guda, ba a taɓa samun wuta mai tsari irin tawa ba. Abin da kamfani ya kasa..."

"Na gani, Auta. Ka girmi sayar da ƙanƙara. Kawo."

Ya saki.

An daɗe kafin a dawo da taransifoma, amma an dawo da ita. Yaya ta kira mai gyaran wutar nan ya cire wayar ya haɗa akwatin yadda ya kamata, ta zauna a shagonta da kanta, tana biyan tsohuwar takarda kaɗan kaɗan, tana jiran mai teburin kuskure ya dawo daga hutu. Ƙwararre ya koma zaman benci a ƙofar Mai Aski, ba shago ba makulli. Sai dai baki ya riga ya saba. Har yau in kamfani ya ɗauke wuta a layin, ba mai ambaton kamfani. Daga wannan baki har wancan abin da za ka ji shi ne, "Kai, Allah ya isa, Ƙwararre!"

Shi kuwa sai ya gyara zama a kan benci, ya ɗaga hannu ɗaya cikin natsuwa ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, muna kan gyara."